Shin Ko Kun San? Maƙwabta Huɗu Sun Ci, Benin Na Jira

Shin ko kun san Jamhuriyar Benin ba ta taɓa cin lambar yabo ko ɗaya a wasannin Olamfik ba? Ko ɗaya fa! Ba zinariya, ba azurfa, ba tagulla. Tun 1972 take zuwa, lokacin sunanta ma Dahomey, aka yi wasannin a birnin Munich na Jamus. Sama da shekara 50 ke nan ana tafiya ana dawowa hannu rabbana.

To ga inda abin yake da ɗaure kai. Ƙasashe huɗu ne suka kewaye Benin: Najeriya ta gabas, Togo ta yamma, Nijar da Burkina Faso ta arewa. Ku ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta ci! Mutumin Paraku ko Jugu, a arewacin Benin, duk inda ya juya fuska, ƙasar da ke gabansa tana da lambarta a ajiye.

Mu fara da Nijar. A Munich ɗin nan dai ta 1972, wani ɗan damben zamani mai suna Issaka Daboré ya dawo Yamai da tagulla. Daga nan shiru. Shiru har shekara 44! Sai a 2016, a Rio ta ƙasar Barazil, Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kai wasan ƙarshe na tekwando a ajin masu nauyi, ya ɗauko azurfa. Tsawonsa ya haura mita 2. Ƙafarsa tana kai wa kan abokin karawa tun shi bai gama shiri ba. Shekara ɗaya bayan haka, a Koriya ta Kudu, ya zama zakaran duniya sukutum.

Togo fa? Ku saurara da kyau. Ba a gudu ta ci ba, ba a dambe ba. A kwale-kwale! Benjamin Boukpeti ne ya tuƙa ɗan ƙaramin jirginsa cikin ruwa mai ambaliya a Beijing a 2008, ya zo na uku. Murna ta kwashe shi, ya ɗaga filafilinsa ya karya shi biyu a kan jirgin, duniya na kallo. A Faransa aka haife shi, kuma kafin ranar, sau ɗaya tak ya taɓa taka ƙasar Togo, yana jariri.

Na Burkina Faso ya fi kowanne daɗin ji. Hugues Fabrice Zango ya ci tagulla a tsallen taku uku a Tokiyo ranar 5 ga Agusta 2021. Wace rana ce 5 ga Agusta? Ranar samun 'yancin kan Burkina! Lambar farko a tarihin ƙasar ta faɗo daidai ranar bikinta. Kuma mutumin nan ba tsalle kaɗai ya iya ba, yana da digirin digirgir a fannin injiniyan lantarki. A watan Janairun 2021 ya yi tsallen mita 18.07 a rufaffen fili, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa. Taku uku, mita goma sha takwas. Ku auna a tsakar gida ku gani.

Najeriya kuwa tun 1964 ta buɗe littafi, da tagullar Nojim Maiyegun a damben Tokiyo. Zinariyarta ta farko mace ce ta kawo, kuma 'yar sanda: Chioma Ajunwa, a Atlanta a 1996, dogon tsalle na mita 7.12, a yunƙurinta na farko. Sauran mata suka yi ta gwadawa har aka tashi, ba wadda ta kamo ta.

Amma ku dakata, kar ku yi saurin tausaya wa Benin. Shin kun san akwai 'yar Benin da ta hau dandamalin Olamfik aka rataya mata azurfa? Isabelle Yacoubou. A Godomey aka haife ta, kusa da Kwatano, a 1986. Da jifan ƙwallon ƙarfe ta fara suna a gida, daga baya ta koma ƙwallon kwando. A Landan, a 2012, ta kai wasan ƙarshe, Amurka ce kawai ta gagare su. Sai dai rigar Faransa ce a jikinta. Lambar ta shiga lissafin Faransa. Kash!

Sai kuma matar da ni dai a wurina ta fi kowa cancantar a kafa hotonta a kowace makaranta daga Paraku har Malanbil: Noélie Yarigo. 'Yar Natitingu ce, garin da ke arewa da Jugu a kan hanyar Burkina. Gudun mita 800 take yi, zagaye biyu na fili. A Rio ta gama shi a ƙasa da minti 2, ta kai zagayen kusa da na ƙarshe. Ku yi lissafi: gudun kilomita 24 a awa ke nan, da ƙafa, ba hutawa. Ɗan acaɓa a cikin cunkoson kasuwar Arzeke ta Paraku ba ya kai haka.

Ga babban abin mamakin. A watan Maris na 2024, a birnin Glasgow, a gasar duniya ta rufaffen fili, Yarigo ta ci tagulla. Shekarunta nawa? 38! A wasan gudu, wannan shekarun masu horarwa ne, ba na masu gudu ba. Wasu daga cikin waɗanda ta bari a baya, lokacin da ta shiga makarantar sakandare ba su fara tafiya ba. Wata biyar bayan haka ita ce ta riƙe tutar Benin a bikin buɗe wasannin Paris.

Wa ya taya ta riƙe tutar? Valentin Houinato, ɗan wasan judo. Sana'arsa ta yau da kullum? Aikin jarida a rediyo a Faransa. Mai ba da labari ya zama abin ba da labari.

Akwai kuma Odile Ahouanwanou, wadda ba ta yarda da wasa ɗaya ba, bakwai take haɗawa cikin kwana biyu. Ranar farko gudun tsallake shinge, tsallen sama, jifan ƙwallon ƙarfe, da gudun mita 200. Kashegari dogon tsalle, jifan mashi, a rufe da mita 800, lokacin da ƙafafu sun riga sun zama na aro. Ta zama zakarar Afirka a Asaba ta Najeriya a 2018, ta zo ta takwas a duk duniya a Doha a 2019.

Mutum biyar kacal Benin ta tura Paris a 2024. Za ku ce ai shi ya sa. To ku ji wannan. Ƙasar San Marino, wadda gaba ɗayanta mutum dubu talatin da 'yan kai ne, ita ma biyar ta tura Tokiyo. Lambobi nawa suka kawo? Uku! Biyu a harbi, ɗaya a kokawa. Garin Jugu kaɗai ya ninka ƙasar nan yawan jama'a. Tsibirin Cape Verde ma, nan yammacin Afirka, ya samu tasa ta farko a Paris, tagulla a dambe. Yawa ba shi ne magana ba.

Ni abin da nake gani shi ne, wasannin da mutanen wannan yanki suka fi ƙauna, ko dai Olamfik ba ta san da su ba, ko kuwa ƙofar shigarsu ta yi ƙunci. Mu bi su mu gani.

Ƙwallon ƙafa tukuna, don ita ce uwa ma ba da mama. Paraku gida ce ga Buffles du Borgou, wato ɓaunayen Borgu, waɗanda suka ɗauki kofin ƙasa a 2014, suka sake a 2017, suka ƙara a 2019. Ƙungiyar arewa tana hana manyan Kwatano da Porto-Novo barci! Jugu kuma tana da Panthères, wato damisoshi. Ɓauna a nan, damisa a can, kilomita ɗari da talatin da 'yan kai a tsakani.

Ƙungiyar ƙasa fa? Shekara da shekaru kurege ne tambarinta. Ee, kurege! Najeriya na da mikiya, Kamaru da Senegal na da zaki, Kwaddibuwa na da giwa, Benin ta riƙe ɗan kuregenta. Sai a 2022 aka sauya zuwa Guépards, dabbar nan mai ɗige-ɗige da ta fi kowace dabba gudu a doron ƙasa.

Amma kuregen ya yi abin da ba za a manta ba. A gasar cin kofin Afirka ta 2019 a Masar, Benin ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe ba tare da ta ci wasa ko ɗaya a cikin fili ba. Ku sake karantawa. Da Ghana 2-2. Da Gini Bisau 0-0. Da Kamaru 0-0. Da Maroko 1-1, inda Hakim Ziyech ya samu fenareti ana dab da tashi, ya buga ta daki turke. Aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, Benin ta ci 4-1, alhali an kori ɗan wasanta ɗaya. Canjaras huɗu a jere! Senegal ce ta tsayar da su da ci ɗaya mai ban haushi.

Shin kun san kyaftin Steve Mounié haifaffen Paraku ne? A 1994 aka haife shi. A wasansa na farko a gasar Firimiyar Ingila, a watan Agustan 2017, ya zura wa Crystal Palace ƙwallo biyu a rigar Huddersfield. A watan Yunin 2024 kuma shi ya jefa ƙwallon da Benin ta doke Najeriya 2-1 a Abijan. Wa ke horar da Benin a ranar? Gernot Rohr, wanda Najeriya ta sallama a 2021. A Zangon Paraku, inda rabin majalisa ke da dangi a Kano ko Sakkwato, ku ƙiyasta yadda aka sha shayin wannan dare.

Sai dai ƙwallon Olamfik ba irin wannan ba ce. Ta 'yan ƙasa da shekara 23 ce, a ƙara manya uku kawai, kuma gurbin Afirka gaba ɗaya bai wuce uku ko huɗu ba. Ƙasashe hamsin da wani abu suna kokawar 'yan kujerun nan. Ina Benin za ta kutsa?

Duk da haka, a nan ne Afirka ta yi rawar da har gobe ake labari. Atlanta, 1996. Barazil na cin Najeriya 3-1, saura minti 12 a tashi. Barazil fa ta Ronaldo da Bebeto da Roberto Carlos da Rivaldo! Victor Ikpeba ya rage ɗaya. Nwankwo Kanu ya farke a minti na 90. Aka shiga ƙarin lokaci, minti huɗu kacal, Kanu ya sake jefawa, alƙali ya hura tashi nan take, don a lokacin dokar ita ce wanda ya fara ci ya gama. A wasan ƙarshe aka kayar da Ajantina 3-2.

Ga abin da ba kowa ya lura da shi ba. Celestine Babayaro da Daniel Amokachi, waɗanda suka ci biyu daga cikin ƙwallaye ukun nan, duk a Kaduna aka haife su. Tijjani Babangida, Kaduna. Garba Lawal, Kaduna. Gari ɗaya! Bayan shekara huɗu Kamaru ta maimaita a Sydney, zinariyar ƙwallo ta kwana a Afirka sau biyu a jere.

A Rio kuwa, 2016, 'yan Najeriya sun maƙale a Amurka saboda rikicin jirgi, suka sauka Manaus 'yan sa'o'i kafin wasansu na farko. Suka shiga fili suka ci Japan 5-4. Ƙwallo tara a wasa ɗaya! A neman na uku suka doke Honduras 3-2. Wa ya ci? Sadiq Umar biyu, Aminu Umar ɗaya. Umaru biyu, ƙwallo uku. Tagullar nan ita kaɗai Najeriya ta samo a Rio gaba ɗaya.

Yanzu mu hau doki. Wanda ya taɓa ganin bikin Gani a Nikki, arewa maso gabas da Paraku, ya san ƙasar Borgu ƙasar mahaya ce: kakaki na tashi, tambura na amsawa, dawaki cikin ado suna sukuwa zuwa ƙofar fada. Jugu ma tana hawan nata. Ba abin mamaki ba ne, don garuruwan nan biyu zango ne a tsohuwar hanyar fataken goro, daga Gwanja zuwa Kano, kuma da wannan fatauci Hausawa suka kafa unguwanninsu a nan.

To Olamfik ma tana da doki. Shin kun san a wasan dawaki maza da mata tare suke karawa, lamba ɗaya suke nema, ba a raba su? Kuma dokin da kansa yana da fasfo, a jirgin sama yake tafiya, da masu kula da shi a gefe. Mahayin kuma ba a yi masa iyakar tsufa. Wani Bajapane, Hiroshi Hoketsu, ya hau a Landan a 2012 yana da shekara 71.

Wannan kuma sai ku riƙe baki. A 1956 birnin Melbourne na Ostireliya ne ya karɓi wasannin. Dokar ƙasar ta ce duk dokin da ya shigo sai an killace shi wata shida. Aka rasa yadda za a yi. Sai aka kwashe wasan dawakin aka kai Stockholm ta Suwidin, aka yi shi a watan Yuni, sauran wasanni kuma a Nuwamba. Olamfik ɗaya, nahiya biyu, saboda doki!

Ƙwallon doki fa, wato folo? Sau biyar aka buga ta a Olamfik, na ƙarshe a Berlin a 1936, daga nan aka cire. Wannan ya yi mana ciwo, don a daidai zamanin ne folo ke kafuwa a Katsina a hannun Sarki Muhammadu Dikko, kuma ɗansa Usman Nagogo ya zama ɗaya daga cikin gwanayen da aka fi ji da su a Afirka. Muna ɗaura sirdi, aka rufe fili.

Kokawa! Nan ne zuciyar da yawa daga cikinmu take. A Nijar tun 1975 ake gasar takobi, jihohi su taru, rediyo ya ɗauka, kasuwa ta yi sanyi. Kantu na Maradi ne ya fara ɗaga takobin. Issaka Issaka na Dosso, jihar da ke maƙwabtaka da Benin, ya ɗaga shi sau shida zuwa ƙarshen 2023. Ƙa'idar a fili take: gwiwa ko baya ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare. Ba maki, ba dogon turanci.

Ta Olamfik daban ce. A kan katifa ake yi, ana ƙirga maki, kuma iri biyu ce, ɗaya ma an hana kama ƙafa kwata-kwata. Ba kiɗa, ba kirari, ba laya. Wa zai yi kokawa ba makaɗi? Kokawarmu ta yashi ta samu wurin zama ne a wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci, irin waɗanda Yamai ta karɓa a watan Disamban 2005.

Shin kun san an taɓa kokawa ɗaya ta awa 11 da minti 40? A Stockholm, a 1912, tsakanin Martin Klein da Alfred Asikainen, a cikin rana. Klein ya yi kaye. Amma gajiya ta hana shi fitowa wasan ƙarshe, aka ba wani zinariyar ba tare da ya yi gumi ba. Tirƙashi!

Kuma kun san a watan Fabrairun 2013 shugabannin Olamfik sun yanke shawarar fitar da kokawa daga wasannin? Kokawar da Girkawa ke yi a can tun shekara 708 kafin haihuwar Annabi Isa! Duniya ta yi caa. Amurka da Iran da Rasha, waɗanda ba sa ga maciji, suka haɗa baki a kan abu ɗaya. Wata bakwai aka dawo da ita. Da an cire, da Blessing Oborududu ba ta kawo wa Najeriya azurfa daga Tokiyo ba, da kuma Mijaín López na Kuba bai cika zinariya biyar a jere ba. Biyar, daga 2008 zuwa 2024! Da ya ci ta ƙarshe ya cire takalmansa ya ajiye a tsakiyar katifa ya fita.

Dambe irin namu, na hannu ɗaya a naɗe da zare, wanda Shago ya yi suna a kansa, bai taɓa leƙa Olamfik ba. Langa ma haka. Amma dukansu suna cikin bikin wasanni na ƙasa a Najeriya, ana ba da lambobi a kansu. Kafin ku ce langa ba ta isa ba, ku ji abin da aka taɓa yi a Olamfik. Jan igiya, daga 1900 zuwa 1920, kuma 'yan sandan Landan ne suka ci zinariyarsa a 1908. Harbin tattabaru masu rai a Paris a 1900, inda aka kashe kusan 300. A 2024 kuma aka saka rawar birkiɗa a ƙasa ta samarin Amurka, aka yi ta sau ɗaya, aka ce ba za a sake a 2028 ba. To don me za a raina langa?

Yanzu ga wanda ya fi ba ni haushi. Akwai wasan da Benin ta zama zakarar duniya a cikinsa. Petank! Wasan nan na jifan ƙwallayen ƙarfe da ake yi a ƙarƙashin bishiya da yamma. Kowane ƙwallo gram 650 zuwa 800. A jefa ɗan ƙaramin ƙwallon katako mita 6 zuwa 10, kowa ya yi ƙoƙarin matsawa kusa da shi ko ya kore na abokin hamayya, wanda ya fara kai maki 13 ya ci. Ba ya buƙatar filin biliyoyi. Fegi da inuwa sun isa.

A 2016 Benin ta kai wasan ƙarshe na duniya, Madagaska ta doke ta. A watan Satumban 2023 Kwatano ta karɓi gasar duniya da kanta, Laïma Sambo da Marcel Gbétablé suka ci zinariya a ajin mace da namiji, a gaban jama'ar gida. To petank na cikin Olamfik? Babu! Faransawa ne suka ƙirƙiro shi, wasannin suka zo har Paris, masu petank suka nema, aka hana su. Waccan rawar aka ɗauka.

Gudu dai shi ne ƙofar da take buɗe ga kowa, kuma Paraku ta san haka. Tun 2008 ake gudun fanfalaki a garin, Marathon Salésien, wanda limaman wata ƙungiyar Katolika suka kafa, ana yin sa a watan Fabrairu. Kilomita 42 da mita 195. Sau uku da ɗan ɗoriya, ka isa Jugu.

Me ya kawo wannan mita 195 ɗin? Landan, 1908. An fara gudun daga fadar Windsor, aka ƙare shi a gaban rumfar gidan sarauta a filin wasa. Abin da aka auna ke nan, daga baya aka mai da shi doka. Duk mai haki a titin Paraku, ragowar mitocin nan na gidan sarautar Ingila ne!

Baƙaƙen Afirka na farko da suka yi wannan gudu a Olamfik su biyu ne daga Afirka ta Kudu, a St. Louis ta Amurka a 1904. Ɗayansu, Len Taunyane, karnuka suka biyo shi suka kore shi daga hanya. Duk da haka ya zo na tara! A 1960 kuma Abebe Bikila na Habasha ya ratsa titunan Roma ba takalmi, ya ci zinariya cikin awa 2 da minti 15. Bayan shekara huɗu ya sake ci a Tokiyo, wannan karon da takalmi, makonni kaɗan bayan an yi masa tiyata a ciki.

Zinariyar ma da ake ta mutuwa a kanta, kun san ba zinariya ba ce? Ta Paris nauyinta gram 529, zinariyar ciki gram 6 kacal, shafe ne a kan azurfa. A tsakiya aka manna gram 18 na tsohon ƙarfen hasumiyar Eiffel. Rabon da a ba da ta zinariya zalla tun 1912.

Wata kuma sai ta makara. 'Yan gudun ba-ni-in-ba-ka na Najeriya sun zo na biyu a Sydney a 2000. Daga baya wani ɗan Amurka ya amsa cewa ya sha ƙwayar ƙara kuzari, aka ƙwace tasu. Sai a 2012 aka tabbatar wa Najeriya zinariyar. Shekara 12! Sunday Bada, ɗaya daga cikin huɗun, ya rasu 'yan watanni kafin sanarwar. Allahu akbar.

Shin kun san ƙasar da ba ta da wanda ya cika sharaɗi ana ba ta gurbin alfarma a gudu da ninƙaya, don kar a bar kowa a baya? Ta nan Eric Moussambani na Gini Ikwatoriya ya shiga tafkin Sydney a 2000, bai taɓa ganin tafki mai mita 50 ba. Su uku ne a rukuninsu. Biyu suka yi riga malam masallaci, suka faɗa ruwa kafin a ba da alama, aka kore su. Ɗaya daga cikin biyun nan ɗan Nijar ne, Karim Bare! Eric ya rage shi kaɗai, ya yi ta fama da ruwa, mita 100 cikin minti 1 da daƙiƙa 52, ninki biyu na lokacin gwanaye, 'yan kallo na tsaye suna ihu.

Nijar ta rama a Landan a 2012. Hamadou Djibo Issaka, mai shekara 35, wata uku kacal ya yi yana koyon tuƙin jirgin tsere. Ya shiga mita 2000, ya zo na ƙarshe da tazara mai nisa, amma tafin da ya sha ya kusa fin na wanda ya ci.  Benin ma ta samu matuƙinta na farko, Privel Hinkati, a Tokiyo.

Zobba biyar ne a tutar Olamfik, ana cewa nahiyoyi biyar. Turai ta karɓi wasannin, Amurka ta karɓa, Asiya da Ostireliya sun karɓa. Afirka ko sau ɗaya, tun 1896! Namu na gida, wasannin Afirka, a Brazzaville aka fara su a 1965, Legas ta yi a 1973, Abuja a 2003. Na farkon da zai ɗauki sunan Olamfik a wannan nahiya shi ne na matasa, wanda aka ba Dakar ta Senegal, aka tsara shi daga 31 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamban 2026. Da a 2022 za a yi, annobar korona ta tura shi gaba da shekara huɗu. Kokawar yashi, ta bakin teku, tana cikin jerin wasanninsa.